Sunan Ɗan Inno

Lahadi, 4 ga Zulƙida, 1291

Mahara sun faɗa wa Zakka jiya da hantsi, mutane na tsakar sussuka. Sun kora shanu, sun tafi da mutum uku. Na je da ƙafata na bi gida gida na tambayo, don ni ba na shelar abin da na tsinta a bakin rijiya. Sunayen suna kaina, da na iyayensu. Ran Alhamis zan kira su a kasuwar Batsari, fatake su ji, su tafi da su arewa, ko Allah ya sa a gano inda aka kai su a yi maganar fansa. Haka ubana ya yi sankirancinsa, haka na gada.

Litinin, 5 ga wata

Inno ta zo daga ruga da ƙwaryar nono, ta ce ba na sayarwa ba ne. Ɗanta na fari yana cikin ukun. Ta zauna bakin zaure tana ta kewaye-kewaye: "Baba Sammani, wancan ɗin... mai bin shanun nan... ka dai san shi." Na ce na sani, Hamidu. Ta sunkuyar da kai kamar na zage ta. Tun da ta haife shi bakinta bai taɓa kama sunan nan ba, kunyar ɗan fari. Da za ta tashi ta ce, "Kai ne bakina."

Laraba, 7 ga wata

Sahabi wakilin mai gari ya zo. Ya yi ta gaisuwa har ya gaida awakina, na san da magana. Wai daga yau ba a shelar hari sai abin da ya fito daga zauren mai gari. Gobe in ce an taɓa shanu kaɗan, gari lafiya. Na ce mutum ukun fa, su ma shanu ne? Ya ce, "Baba, bara da ka yi shelar harin Tsaskiya, ba ka ga yadda gidaje suka yi ta tashi ba? In kowa ya gudu wa zai tsaya kan ganuwa, kai?" Na ce ni ban kori kowa ba, abin da ya faru na faɗa.

Amma sun tashi ɗin. Har da ƙanena.

Alhamis, 8 ga wata

Na hau tudun da nake hawa. Na yi sallama, na kira na farko, na kira na biyu. Yaran mai gari suka jawo ni ta wuyan riga. Mai gishiri na dariya, wai tsoho ya sha rana. Ban kai ga Hamidu ba. Me ya hana ni farawa da shi? Tsari na bi, babba kafin ƙarami, kamar yadda aka koya mani. Tsari!

Asabar, 10 ga wata

Ba a ɗaure ni ba. An dai ce in na ƙara, ni da matata Mairo mu nemi makwanci a bayan ganuwa. Mairo da ko ƙofar ɗakinta ba ta gani yanzu. Ta ce, "Kai da taurin kai aka yanke maka cibiya. Ni in sun zo, ina zan nufa?" Na ce ta bar ni in ji da abu guda.

Litinin, 12 ga wata

Ciwon gwiwa. A gida na yi salla.

Talata, 13 ga wata

Na sami madugu Mati a masauki suna ɗaurin kaya, Juma'a za su tashi. Biyun farko ya ji su, ya riƙe. Na ce to matso in faɗa maka na ukun a kunne. Ya ja baya. "A'a, Baba. Sunan da sankira bai kira a kasuwa ba, ba na ɗauka. In na dawo da labarin yaro a ce a ina na san shi? A ce da ni aka haɗa baki. Ka kira gaban jama'a, in sami shaidu. Ka fi ni sanin wannan."

Na fi shi sani. Ni na sha faɗa wa ubansa haka.

Alhamis, 15 ga wata

Na hau. Inno na gindin tsamiya, idonta a kaina. Sahabi na rumfar masu jimar fata, shi ma haka. Na ce jama'a, gari lafiya, an taɓa shanu kaɗan, kowa ya ci kasuwarsa. Muryata ta fita tas, ko rawa ba ta yi ba. Abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Sai Inno ta miƙe. Ta ajiye ƙwarya a ƙasa a hankali, ta buɗe baki: "Hamidu! Hamidu ɗan Daudu!" Ta yi ta yi har murya ta dishe. Matan ruga suka rufe fuska. Wata ta ce wayyo, Inno ta zautu. Ba wanda ya taɓa ta. Na dubi Mati, ya duƙa yana duba kofaton jakinsa. Ita ba sankira ba ce.

Juma'a, 16 ga wata

Ayari ya tashi. Mairo ta ci tuwo sosai yau.

Asabar, 24 ga wata

An aiko da damin gero daga gidan mai gari. Na ce a mayar. Mairo ta ce ai maƙwabta sun riga sun sussuke mata. Inno ba ta ƙara biyowa ta nan ba, ta hanyar marina take bi yanzu, ko da yake ta fi nisa.

Laraba, 28 ga wata

Wani mutum ya zo daga wajen Tsaskiya, ƙafa duk ƙaya. Mahara sun faɗa masu shekaranjiya, an tafi da 'ya'yansa mata biyu. An ce mashi ya nemi Sammani. Ya fara, "Babbar sunanta..." Na ce ya sha ruwa tukuna. Na tambaye shi hanya, na tambaye shi yadda dawa ta yi wajensu bana. Da ya huta na nuna mashi zauren mai gari.

Ba wai ƙi na yi ba. Gwiwa ce, kuma kan tsoho ya cika. Gobe kasuwa, gara in kwanta da wuri.

Ban dai ji sunan ba. Ban tambaya ba.