Layin Toka

Old Maiduguri,
Fabrairu, 2017.

Zuwa ga yayata, Ya Aisa,

Assalamu alaikum. Wushe, wushe da kewa. Ina fata kina lafiya, da maigidan da yarana. Ya zaman Kano? Mama tana gaishe ki, ƙafar tata ta yi sauƙi. Mu nan sai godiya, gari ya ɗan lafa.

Ya Aisa, raina a ɓace yake, kuma ke kaɗai za ki gane, tunda kofin da kika ci a gudu kina aji biyar har yau yana kan kabad ɗin Mama, ta mai da shi mazubin allurai.

Kin san makarantarmu ta daɗe tana sansanin 'yan gudun hijira. An kwashe na cikin azuzuwa, amma rabin filin wasa har yanzu tantunan mutanen Marte ne. Ɗaya rabin aka gyara, aka ce bana za a yi gasar wasanni ta gidaje, ta farko tun da aka dawo karatu. Kar ki so ki ga murna! Ni da Phebe, ƙawata 'yar Gwoza, da wasu biyu daga gidanmu, Gidan Kore, muka haɗa kai za mu yi gudun miƙa sanda.

Sai jiya a asambuli Malam Babagana, malamin wasanni, ya tashi ya ce sojoji sun ba da izinin taro zuwa La'asar ne kawai, lokaci ba zai isa ba, don haka an cire wasannin mata gaba ɗaya. Maza suna da ƙwallo, suna da gudu iri-iri, da tsalle, har da gudun buhu. Gudun buhu fa, Ya Aisa! Akwai lokacin da ƙato zai shiga buhu yana tsalle kamar kwaɗo, amma babu lokacinmu. Mu rabonmu shara, ɗebo ruwa, da zana layukan gudu da toka, tunda babu fenti. Tokar kuwa sai a madafar matan sansani, wadda suka kewaye da zana, mu ne za mu riƙa shiga muna roƙowa.

Na bi shi har ofis. Ko kallona bai yi ba ya ce mu yi haƙuri sai baɗi, wai garin nan ba garin da mace za ta yi ta zabga gudu a bainar jama'a ba ne. Phebe ce ta ja ni waje kafin bakina ya jawo mini bulala. Ita da ta ratsa duwatsun Gwoza da ƙafa, goye da ƙanwarta, a ranar babu wanda ya tsayar da ita ya ce mace ba ta gudu.

Ni dai ban haƙura ba, kuma ba zan haƙura ba. Ki gaida yara.

Ƙanwarki mai taurin kai,
Kaltum.


Old Maiduguri,
Maris, 2017.

Ya Aisa,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ya zafi? Ya jikin ɗan autanki? Allah Ya ƙara sauƙi.

Na san Mama ta riga ta kira ki, na kuma ji saƙonki cewa in rufa wa kaina asiri in bar gudu. To bari ki ji daga bakina.

Filin makaranta da yamma na maza ne, ko kusa ba a bari mu taka. Shi ya sa na ce bari in riƙa zuwa makaranta da gudu maimakon hawa keke napep. Na manta da halin da gari yake ciki, na manta cewa yarinya mai hijabi in ta taho a guje, mutane bam suke gani. Ina isowa wajen mai shayin bakin titi sai na ga jama'a sun watse, mai ƙosai ta bar kaskonta a wuta, wani ya faɗa kwata. 'Yan gora masu tsaron unguwa suka daka mini tsawa daga nesa, suka ce in tsaya, in ɗaga hijabi, in juya, in zauna a ƙasa. Na zauna cikin ƙura, jakata a can gefe suna tona ta da sanda. Sai da mai shayin ya shaida ni, ya ce 'yar gidan marigayi Ba'ana ce, sannan suka ƙyale ni.

Ban ga laifinsu ba, wallahi, sun binne mutane da yawa. Amma na yi kuka ranar, ba don tsoro ba, don takaici. Titi ya haramta gare ni saboda waɗancan azzaluman, fili kuma Malam Babagana ya haramta mini. To ina ake so in sa ƙafata? In na zauna, ai an ci mu da yaƙi sau biyu ke nan.

Da yamma muka shiga madafa ɗibar toka, idanuna a kumbure. Hajja, tsohuwar da ke shugabantar matan sansanin, ta tsare ni da tambaya sai da na faɗa mata komai. Ta ci gaba da juya tuwo, sannan ta tambaya ko malamin namu yana da wata tokar ban da tata. Na ce babu. Ta tambaya ko maza suna shiga madafarta. Na ce ko shugaban makaranta bai isa ya ɗaga zanar nan ba. Sai ta yi dariya har ana ganin gibinta, ta ce to kukan me nake yi?

Tun ranar, bayan an tashi, muke atisaye a lungun da ke tsakanin tantuna da katanga, matan suna yi mana gadi suna tsince wake. 'Yan matan sauran gidajen ma sun shigo, kowane gida ya fitar da huɗu.

Kar ki faɗa wa Mama, don girman Allah. Ki dai yi mana addu'a.

Taki,
Kaltum.


Old Maiduguri,
Maris, 2017.

Yayata ta kaina,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya ƙalau. Mama lafiya, sai dai tana fushi da ni da baki, amma na ji ta tana ba maƙwabta labari.

An yi gasa ranar Asabar. Kin san layin toka ba ya kwana, iska da awakin sansani suna share shi, dole da safiyar ranar ake zanawa. Malam Babagana ya saba ya zo ya tarar an gama, bai taɓa tambayar yadda tokar take zuwa ba. Ranar ya iso da sabuwar hularsa da usur a wuya, ya tarar da fili fes, mun share shi tas, amma babu layi ko ɗaya. Mu kuma muna zaune a inda ake tashin gudu, da bokitanmu wayam a kife.

Ya yi faɗa, ya yi barazanar kora. Na miƙe na ce masa toka tana nan a shirye, za ta fito da zarar an sanar da gudun mata a lasifika. Sai ya tura manyan ɗalibai maza da bokitai. Tabɗi! Hajja ta shimfiɗa tabarma a ƙofar madafa ta miƙe ƙafa, mata sun cika bayanta. Ta ce musu nan ba shiga, kuma tokar nan da ita suke wankin tukwane, ba ta da ta bayarwa sai ga 'ya'yanta mata. Wane namiji ne zai tsallake ƙafar tsohuwa ya shiga cikin matan mutane? Suka dawo suna sosa ƙeya.

Ga baƙi sun cika rumfa, ga rana tana ɗagawa, ga sojan da ke bakin ƙofa yana duba agogo. La'asar ɗin da aka kore mu da ita, ita ta shaƙe su. Shugaban makaranta ya kira Malam Babagana gefe, suka yi ƙus-ƙus, can sai muka ji lasifika ta ce an soke gudun buhu, za a yi gudun miƙa sanda na mata. Guɗar da matan Marte suka yi, ina jin har Zabarmari an ji ta. Kafin ki ce kwabo toka ta fito a ka, bokiti bayan bokiti, muka ja layukan da ba a taɓa jan masu kyansu ba.

Ni ce ta ƙarshe a gidanmu. Phebe ta miƙo mini sanda muna na uku, na ɗaure hijabina a ƙugu na ce wa ƙafata yau ko ni ko ke. Na wuce ɗaya. Ɗayar, 'yar Gidan Ja, ta fi ni, na yarda. Mun zo na biyu, babu kofi, kuma an yanke mini hukuncin sharar fili har ƙarshen zango saboda rashin kunya. Ko oho, ni da tsintsiya ai mun saba.

Amma ga abin da ya sa na kasa haƙuri sai na rubuto miki. Da na tsallake layin ƙarshe na ɗago kai, sai na ga mutane suna gudu, na ɗauka irin ta ranar nan ce ta wajen mai shayi. Ashe wajena suke tahowa. Mata, yara, 'yan ajinmu, Hajja a baya tana jan zane tana haki. Ya Aisa, na taho a guje da hijabina a tsakiyar Maiduguri, kuma babu wanda ya guje ni.

Ki ce wa Mama ta nema wa alluranta wani wuri kafin baɗi, kofinki zai yi maƙwabci. Allah Ya sada mu da alheri.

Ƙanwarki,
Kaltum Ba'ana.