Allurar Toka

Zuwa ga Maman Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina nan lafiya, ke da Auta da maigidanta. Yaya jikin mai jego? Yaya kuma amaryata? Na ga hotonta, hancina ne sak ta ɗauko, sai dai a ba ta haƙuri.

Kin san ni da waya, magana ba ta fita min daidai, shi ya sa na ɗauki biro. Gida lafiya lau. Ina ba shukokinki ruwa, kuma tun tafiyarki tukunya ɗaya kacal na ƙona. Shago kuwa aiki ya yi min yawa, makarantu za su koma, kowa ɗinkinsa yake so jiya.

Sai batun amanar da kika bar min, wato kyanwarki Toka. Muna zaman mutunci, ba ta shiga harkata, ba na shiga tata. Amma yau kwana uku ke nan tana susa, gashin wuyanta ya fara zuba, har da ƙananan ƙuraje. Gobe da safe zan kai ta wurin likitar dabbobin nan ta bayan kasuwa. Kada ki damu. Ina sane cewa marigayiya mahaifiyarki ce ta rene ta, ba zan yi sake da ita ba.

A gaishe min da kowa.

Mijinki,
Baban Auta

*

Zuwa ga Maman Auta,

Sallama da gaisuwa, da fatan kun tashi lafiya. Sau uku ina fara wasiƙar nan ina yagewa. Bari in soma da ƙarshen labarin don hankalinki ya kwanta: Toka tana raye, ɗazu ma ta cinye abincinta tas.

Ranar Talata na kai ta a cikin kwando. Likitar ta duba ta, ta ce cizon ƙuma ne, ƙurajen kuma sun fara ruwa. Ta yi mata allura, sannan ta ce in zauna a benci rabin awa a ga yadda jikinta zai karɓi maganin. Ni kuwa malamin makarantar nan da nake ɗinka wa kwat yana jirana a shago zai gwada. Na zauna minti goma, na leƙa kwandon na ga tana lasar ƙafarta hankali kwance, sai na sulale ban yi wa kowa sallama ba.

A shago na tura kwandon ƙarƙashin teburin yanka. Ina cikin soka fil a kafaɗar malam sai na ji wani kakari da ban taɓa jin irinsa ba. Da na buɗe, na tarar ta yi amai, fuskarta ta kumbura suntum har idanun sun shige, miyau yana dalala, numfashi kuma da ƙyar take jan sa. Abin da ya zo min a rai kawai shi ne da wane baki zan gaya miki.

Na fisgo yadin da ya fi kusa da hannuna na naɗe ta, ashe na wandon malam ne. Na fita da gudu, tef a wuya, takalmi ƙafa ɗaya. Rabona da gudu tun Auta tana rarrafe. Mai shagon kusa da ni ya ce ya ɗauka gobara ce. Shi ma malam, Allah ya saka masa, ya biyo ni a guje da kwat mai hannu ɗaya, yana buɗa min hanya cikin masu kaya.

Likitar ko kallona ba ta tsaya yi ba. Ta karɓe ta, ta yi mata wasu allurai, ta kara mata abin shaƙar iska a hanci, ta sa mata ƙarin ruwa. Ni da malam muka koma kan bencin nan da na guje wa. Sai da aka yi kusan awa guda kafin ta fito ta ce numfashin ya daidaita.

Na tambaye ta ko maganin ne ya lalace. Ta ce a'a, ta yi wa kyanwoyi da yawa shi ba abin da ya same su, jikin Toka ne bai yarda da shi ba, kamar yadda wani mutum zai sha magani ya warke, wani ya sha shi ɗin ya kumbura. Ta rubuta sunansa da jan biro a katin Toka don kada a sake yi mata, ta kuma cike takardar da za ta aika wa masu yin sa. Daga nan ta dube ni ta ce, "Baba, da shagonka ya fi haka nisa, da wani zancen muke yi yanzu." Iyakar faɗan da ta yi min ke nan, kuma ya ishe ni.

Kwana ɗaya ta yi a can. Da na je ɗauko ta, fuskar ta saɓe, tana ganina ta yi wani ɗan siririn kuka ta goga kanta a hannuna. Shekara shida muna gida ɗaya ba ta taɓa yi min haka ba.

Laifin nawa ne, gaggawa ce ta ja ni. Ki yafe min.

Mijinki,
Baban Auta

*

Zuwa ga Maman Auta,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan alheri gare ku duka. Amsarki ta iso jiya da hantsi. Na buɗe ta a tsaye ina jiran faɗa a kan Toka, sai na tarar shafi guda cur faɗan a kan guduna ne: wai mai hawan jini da ciwon gwiwa, ina ni ina tsere cikin kasuwa. Na karanta sau biyu, na ninke na sa a aljihun gaba. Ki gaya wa Auta ta daina dariya haka nan, kada ta fama ɗinkin da aka yi mata wurin haihuwa. Ina shan maganina kullum, gwiwar ma ta daina ƙorafi.

Mun koma wurin likitar ranar Asabar. Ta canja mata magani zuwa na shafawa, ta fara gwada ɗan kaɗan a bayan wuya. Wannan karon na zauna awa guda cur, sai da ta fito da kanta ta ce, "Baba, je ka gida mana, bencin nan wasu ma suna so." Susar ta tsaya, gashi ya fara fitowa, sai dai wurin ya fi sauran jikin haske kaɗan.

Malam ya ƙi yarda in sauya masa yadin wandon, ya ce a wanke a ɗinka haka nan. Yanzu duk yamma idan ya taso daga makaranta sai ya leƙo ya tambayi jikin marar lafiya. Ni ko tambayar tawa lafiyar ba ya yi.

Ki zauna har Auta ta ji ƙarfi sosai, kada ki yi gaggawar dawowa saboda mu. Ina kewarki, gidan ya yi min faɗi, amma muna lallaɓawa. Na ɗinka wa Toka ɗan matashi da ragowar yadi, na cusa masa auduga mai laushi. Ta shinshina shi sau ɗaya ta wuce abinta. Yanzu haka a cinyata take kwance, a kan hannun kujera nake rubutun nan, shi ya sa layukan suka karkace. Direban da zai kawo miki wasiƙar yana tashi ƙarfe huɗu, ga shi saura kwata, ita kuma barcinta ya yi nisa. Idan kin ga ta yi jinkirin kwana ɗaya, kin san dalili.

Ki sumbaci amaryata.

Naki har kullum,
Baban Auta