Bahon Tana a Bayan Rumbu

Rijiyar Zaki, gidan Zakiyya.

Zuwa ga 'yata Aina'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikinki, ya ƙarin haƙuri? Ya zaman takaba? Allah ya ba ki ladansa. Ki gaida mini Kulu maƙwabciya da mutanen gidanta. Ni dai lafiya lau. Ina faɗa ne ƙanwar mai gidanki Zakiyya na rubutawa, don wayar nan in aka kanga mini ita a kunne sai maganar ta gudu ta bar ni.

Sun ce hutu suka kawo ni, in sha iska. To, ina hutawa. A kawo abinci in ci, a kunna fanka in kwanta. Ban san yadda ake yi da wuni ba in babu aiki a cikinsa.

Maganar tanar nan ce ta sa na ce a rubuto miki. Ranar da muka taho mota na jira, ban tsaya na nuna miki da kyau ba. Bahon yana nan bayan rumbu inda mai gidanki ya aje shi. Kullum ki ɗaga buhun da ke rufe da shi, ki damƙi ƙasar. In ta dunƙule a hannunki kamar fura, ta yi. In ta wargaje ki yayyafa ruwa. Yayyafi na ce, ba kwarara ba. Ɓawon kankana, ɓawon ayaba, ganyen da aka tsince aka zubar, su suke so. Ban da abin da gishiri ko barkono ya taɓa. Ƙafafun bencin da bahon ke kai suna cikin gwangwanayen ruwa, kar ruwan ciki ya ƙafe, cinnaka zai hau. Kaji kuwa kin san halinsu.

Kin tuna ranar da ya shigo da su a leda daga wajen malaman gona? Ni na fara yin dariya. Na ce 'ya'yan mutane na kiwon akuya, nawa ya koma kiwon abincin kaji. Ya ci gaba da hidimarsu. Da takinsu ya fito, tumatirinsa ya fi na kowa a fadama, nan ma ban yaba ba. Ɗan fari ne, ba a yabonsa, ba a kiran sunansa, haka muka taso muka tarar. Ranar da aka fita da shi mata na ta kallona, ban yi kuka ba, suka ce Hure akwai kara. Ba kara ba ce, Aina'u. Na nemi kukan ne ban same shi ba. Da gari ya waye na ga ba wanda ya tuna da bahon, na je na ɗaga buhun, suna nan suna cin abincinsu. Tun ranar nake ba su.

Ki riƙe mini su kafin in dawo. Ba daɗewa zan yi ba.

Taki,
Inna Hure.

Rijiyar Zaki.

'Yata Aina'u,

Sallama da gaisuwa. Ya zazzaɓin, ya sake ki? Ki riƙa cin abinci ko ba kya so.

Muntaka direba ya kawo takardarki. Na ji kina kwance Kulu ta shigo ta ce za ta duba miki tanar, ta kwaso tokar murhu ta zuba musu, da safe kika tarar sun hau bangon baho sun bushe. Kin ce kin kasa haɗa ido da ita. Kar ki yi haka. Tun muna 'yan mata toka da kashin awaki ake tarawa a juji, rani ya yi jaki ya kai gona. Wa ya taɓa jin takin da ba ya son toka? Alheri ta yi niyya. Ni ma da mai gidanki bai hana ni ba, da tuni na zuba.

Ga abin da za ki yi. Ki kwashe na sama duka ki zubar. Ki tona can ƙasa da hannu, ba da fartanya ba, wadda kika ga tana motsi ki tsame ta. Ki samo tsohon kashin shanu wanda ya huce, ki jiƙa, ki sa su a ciki. Kar ki ba su komai sai sun nutse da kansu.

Da Zakiyya ke karanta mini, sai ta tsaya tana duban fuskata. Na ce Allah ya kyauta, na ci gaba da cin tuwona. Ita ce ma ta fita tana share ido. Ni ban san me ya same ni ba. Kamar ƙafar da aka daɗe ana zaune a kanta.

An kai ni asibiti, an ce jini ne da gwiwa. Mijin Zakiyya ya ce in bari sai bayan damina. Na kuma ji babanki ya aiko, da kin fita takaba zai zo ya tafi da ke. Hakkinsa ne. Ban dai san waye zai riƙa ɗaga buhun ba.

Ki ce wa Kulu ina gaishe ta, babu komai.

Innarki,
Hure.

Rijiyar Zaki.

Aina'u 'yata,

Ina gaishe ki, ina yi miki barka da fita takaba. Allah ya jiƙansa, ya ba ki wanda zai riƙe ki da mutunci.

Kin ce waɗanda suka rayu ba su fi cikin tafin hannu ba, amma sun fara ci. Kin kuma ce kin roƙi babanki ya bar ki a gidan har in dawo, don kar su mutu. Zakiyya ta maimaita mini wajen nan, na ji da kyau.

Ban yarda ba. Yarinya ce ke. Ba za ki zauna ke kaɗai a gidan da ba kowa kina gadin tana ba. Kuma gaskiyar magana, ba hutu ba ne. Jiya na ga an kawo tukwanena da tabarmata a bayan mota, ba wanda ya ce mini komai, ni ma ban tambaya ba. Zakiyya ta aje biro, na ce ta ɗauka ta rubuta yadda na faɗa.

Ki bi babanki. In mutanen gidanku ba za su yi miki dariya ba, ki zuba su a ƙwarya da ƙasarsu, ki rufe da tsumma mai laima, ki tafi da su. In kin ga za su zame miki nauyi, ko wani ya fito neman aurenki ya ga abin wani iri, ki kai su fadamarsa bayan an yi ruwa, ki juye su ki taho. Duk wanda kika yi, na yafe miki, kin yi mana abin da ya fi ƙarfin suruka.

Abu ɗaya nake roƙo. In kin zo gaishe ni, mu yi hirar duniya, amma kar ki gaya mini wanne kika yi.

Allah ya yi miki albarka.

Inna Hure.