Ƙwayoyi a Firizar Hajiya Indo

Barnawa, Kaduna
9 ga Maris, 1987

Aminina Usman,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Hadiza da su Baba. Yaya ƙafar Inna?

Ka tambayi aikina. Wata goma sha huɗu ke nan ina ɗibar ruwan idon masu gyambon ido, irin wanda ƙwayar cutar bairas ke kawowa. Na tara kwalba arba'in da ɗaya. Shida daga ciki na mutanen da man ido ya daina yi musu aiki ne. Farfesa Benson na Ibadan ya ce in na kai masa ƙwayoyin cutar da rai kafin ƙarshen Afrilu, zai ɗauke ni digiri na biyu, mu binciki yadda suke bijire wa magani.

Shekaranjiya firizar ɗakin gwajinmu ta mutu. Mai gyara ya ce sai an kawo kaya daga Ikko. Na liƙe kwalaben a gwangwani biyu, na kai wa maƙwabciyarmu Hajiya Indo, mai sayar da ƙanƙara. Da ta tambayi abin da ke ciki, na ce ƙwayoyi ne. Ban ƙarasa ba, don na san in ta ji "cuta" ba za ta karɓa ba. Zuciyata ba ta kwanta ba. Ka sa ni a addu'a.

Naka,
Ɗahiru

Barnawa
21 ga Maris, 1987

Usman,

Ina gaisuwa, da fatan kowa lafiya. Ni dai jikina ƙalau.

Ƙwayoyin sun mutu, duka kwalba arba'in da ɗayan.

Ranar Larabar makon jiya Hajiya ta sami odar zoɓo na suna, wuri ya yi mata kaɗan. Ta ɗauka ƙwayoyin magani nake nufi. Ta ce a saninta danshi ke ɓata ƙwaya, har ta yi mamakin mai digiri bai san haka ba. Sai ta ɗora gwangwanayen kan kabad, kusa da maganin hawan jininta, ta rufe su da kyakkyawan ƙyalle. Kwana biyar suka yi a zafin nan. Na shuka abin da ke cikin kowace kwalba sau biyu a ɗakin gwaji, in ga ko da sauran mai rai. Babu wadda ta tsiro.

Ba zan iya sake tarawa ba. Cikin marasa lafiya shidan nan, biyu sun koma garinsu, ɗaya kuma, wani tela na Unguwar Mu'azu, an riga an cire masa idon.

Hajiya ta yi kuka, ta aiko mini da dambu. Ban ga laifinta ba. Ni na guntule magana. Sau uku ina fara rubuta wa Farfesa, na rasa yadda zan bayyana masa wannan da Turanci.

Wata masaƙa a Kakuri tana neman mai gwada ruwan rini. Ranar Litinin zan kai takarduna. Kada ka gaya wa Babana tukuna. Har yanzu yana cewa ɗansa zai zama farfesa.

Ka gaishe da kowa.

Naka,
Ɗahiru