Jar Taga da Koriyar Taga

Yamai, ranar Talata

Zuwa ga maigidana, Baban Huda,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya aiki, yaya zafin Agadas? Ina fata ciwon bayan nan ya yi sauƙi. Mu nan unguwar Maourey lafiya lau, Huda ma ta warke daga murar.

Bayan haka, raina a ɓace yake. An dakatar da ni daga aiki.

Ka san tagar nan da nake rubuta wa ordinata, wato kwamfuta, umarni a cikinta, wadda muke ce wa terminal. Inji biyu nake kula da su a kamfanin magungunanmu na unguwar Kalley: na gwaji, da na gaske mai riƙe da odar dukan kantunan da muke kai wa magani. Tun da na fara aiki na gyara saitin tagata. Idan na shiga injin gaske sai ta buɗe ja wur, da sunansa a sama. Idan na gwaji ne, koriya. Ƴan kalmomi ne kawai ake ƙarawa a bayan umarnin buɗewa, amma su ne idona.

To, Abdulrazak, sabon ma'aikacin da aka kawo ofishinmu, ya ga wai tagogin kowa sun sha bamban, babu tsari. Ranar hutu ya aika saiti guda ya danne na kowa, bai gaya wa ko mutum ɗaya ba. Na zo da safe na tarar da komai baƙi, babu launi, babu suna. Ana ta kirana a waya, na buɗe taga biyu gefe da gefe, na ba da umarnin share tsofaffin bayanai a wadda na ɗauka ta gwaji ce. Ashe ta gaske ce. Motocin kai magani suka wuni ba su fita ba, har wani asibiti ya rasa maganin masu ciwon sukari sai washegari.

Darakta bai ko tambaye ni yadda aka yi ba. Gaban kowa ya ce dama mace mai goyo hankalinta rabi yana gida. Abdulrazak yana tsaye, ya sunkuyar da kai, bai faɗi cewa shi ya canja saitin ba. Hannuna ne ya danna, ban musa ba. Amma wanda ya cire murfin rijiya fa?

Don Allah kada ka tura Kawu Harouna ya ba da haƙuri. Ban yi abin roƙo ba.

Taka har kullum,
Zeinabu

Yamai, ranar Lahadi

Baban Huda,

Bayan gaisuwa da begenka, saƙonka ya iso, na gode da lallashi.

Abdulrazak ya zo har gida ran Juma'a. Ya amsa cewa shi ya canja saitin, amma wai yana tsoro domin har yanzu gwajin aiki yake, matarsa kuma ta kusa haihuwa. Ya so in yafe masa a tsakar gida, shi ke nan. Na ce masa a gaban jama'a aka zubar da mutuncina, ba a tsakar gidana ba. Na gaya masa da safe zan shiga wurin darakta, in ya ga dama ya same ni a bakin ƙofa.

Ya zo, Baban Huda. Ya faɗi komai a gaban darakta. Darakta ya saurara, ya ce to, kowa ya koma bakin aikinsa, a mayar wa madam launukanta. Ko kallona bai yi ba. Na tsaya ina jiran kalma ɗaya a kan abin da ya faɗa game da goyona. Sai ya ɗauki waya.

Abdulrazak na yafe masa, don ya tsaya ya faɗi gaskiya. Shi kuwa darakta, Litinin akwai taron ma'aikata, kuma na riga na sa sunana cikin masu magana, don in ba shi amsarsa a gaban kowa. Ka taya ni da addu'a kada muryata ta yi rawa.

Huda tana gaida Babanta. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Matarka,
Zeinabu