Layin da Likita Ya Ja a Ƙafar Baban Amira

Al Wukair, Doha

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau. Ya maigidan, ya yara, ya kuma jikin Inna? Allah ya ƙara mata sauƙi.

Yaya, hankalina a tashe yake. Kin san Baban Amira da wasan nan da abokan aikinsa suka koya masa, na hawa katako a teku, iska na jan mutum da ƙatuwar lema. Ranar Juma'a ya cire takalmin robar da suke sawa don ya yi alwalar La'asar, da ya idar sai ya koma ruwa haka nan. Na yi magana, ya ce, "Ƙafar da ta yi noma tun tana ƙarama? Khalas, ƙyale ni." Wani dutse mai kaifi ya tsarge masa tafin ƙafa. Saboda ciwon sukarin nan bai ma ji ba, ni ce na ga jini a cikin mota.

Maimakon asibiti, ya shafa man kaɗanya, ya sa safa, ya ci gaba da zuwa aiki. Yanzu ƙafar ta kumbura suntum, tana wari, ga zazzaɓi. An kwantar da shi a asibiti. Likita ya zagaye kumburin da biro, ya ce in ya ƙetare layin sai tiyata, ƙila ma a cire yatsu.

Ki gaishe min da kowa, amma kada Hajiyarsa ta ji tukuna. Don Allah ku taya mu da addu'a, Yaya. Da safen nan na ɗaga mayafin na duba, kumburin ya taɓa layin.

Ƙanwarki,
Maryam