Tukunyar Gas Ta Ba Da Ruwa

Ammariyya, Asabar da dare, 9 ga Rajab 1384

Yau ta ɗiga! Tsohuwar tukunyar gas da na yi sati uku ina wankewa, maƙeri ya sa mata bututu, ta mayar da ruwan rijiyarmu mai gishiri ruwan sha. Kofi ɗaya tak. Shekara talatin da na koyi wannan dabara ta dafa ruwa a tara tururinsa a makaranta a Sudan, ba wanda ya taɓa tambayata, sai aikena da jahilai suke yi.

Ban ko ɗanɗana ba sai ga Umda, mai unguwarmu, da maƙwabcina Abu Salih, wanda ya kai ƙara wai giya nake dafawa irin ta Nasara. In ƙarar ta tabbata, sai a kore ni daga ƙasar, tunda ni baƙo ne.

Umda ya shinshina kofin, ya kurɓa, ya miƙa wa Abu Salih. "Yalla, maza, ya shehi, sha giyarka."

Marar kunyar nan ya shanye tas, ya goge baki, ya ce, "Malam Bala, gobe in aiko da tuluna?"

Na ce ya aiko. Zai jira.